Mastas ko aikin kamfanin iri? Ku ba ni shawara kafin Litinin

Nazifi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema akan wata magana da ta hana ni barci yau kwana uku. Kamar yadda wasunku suka sani na karanta harkar kasuwanci a BUK, na gama bautar ƙasa wata biyu da suka wuce, kuma tun ina aji uku abin da raina yake so shine maketin, wato yadda ake shigar da kaya kasuwa a sa mutane su san shi su saya. To yanzu abu biyu sun haɗe min a lokaci ɗaya. Wani kamfani a Kano mai sayar da iri da maganin feshi sun kira ni intabiyu kuma sun ɗauke ni, aikin shine in riƙa zagaya diloli da kasuwannin ƙauye tun daga nan Ringim, Taura, Gujungu har wajen Haɗeja, za su ba ni babur, albashin bai fi alawus ɗin da nake karɓa a bautar ƙasa da wani abin kirki ba amma akwai kamasho in kaya sun tafi. Sun ce ran Litinin in kawo amsa. A ɗaya gefen kuma Baba ya kira ni ya ce shi burinsa in wuce mastas kai tsaye tunda kaina yana ja, har ya ce zai sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarmu ya biya rajista. Wallahi da ya faɗi haka sai da na ji hawaye. Shekarata 26. Wanne zan kama?

Jamilu POS: Wa alaikumussalam. Kama aikin kawai malam, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Masu mastas nawa ne a garin nan suke zaune a dakali?

Malam Habu: Wa alaikumussalam Nazifi. Jamilu ka yi a hankali da irin wannan maganar, yaro ya zo da tambaya mai nauyi ba a yanke ta da layi ɗaya. Nazifi kafin kowa ya ce maka je ko kar ka je, ni tambayata ita ce wane mastas ɗin? Domin mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai MSc, shi na bincike ne, za ka zauna da sufabaiza ka rubuta kundi ka kare shi, kuma shine hanyar wanda yake son koyarwa a jami'a ko foli ya wuce har digirin digirgir. Akwai kuma MBA, shi an yi shi ne don mutumin da ya riga ya shiga aiki yana son ya iya riƙe ma'aikata da lissafin kamfani, shi ya sa za ka ga yawancin masu yinsa ma'aikatan banki ne da kamfanoni kuma lakcarsu ƙarshen mako ce. In burinka alli da allo ne irina to kar ka tsaya, je ka yi MSc tun ƙwaƙwalwa da zafinta. In kuma burinka kamfani ne to maganar ta canza.

Nazifi: Allah ya ƙara girma Malam. Gaskiya ba koyarwa ce a raina ba. Ni so nake wata rana a ce ni ne nake tsara yadda kayan kamfani za su shiga Arewa gaba ɗaya, tun daga farashi har tallan rediyo.

Yaya Sabi'u: To ƙanena bari in ba ka labarin kaina tunda ni na bi hanyar da Baba yake so ka bi. Ina gama bautar ƙasa na sayi fom na shiga mastas ban taɓa aikin ko kwana ɗaya ba, an ce mana wata goma sha takwas ne, sai ga yajin aikin 2022 tun Fabrairu har Oktoba wata takwas cur muna gida, da aka dawo kuma sufabaiza ɗina ya yi tafiya, kafin in kare kundi an doshi shekara uku. Na fito da takarda mai kyau alhamdulillahi kuma ban yi nadamar ilimin ba. Amma abin da ban lissafa ba shine shekaru. Duk tallan ɗaukar sabbin ma'aikata da na gani na bankuna da manyan kamfanoni sai ka ga sun sa iyakar shekaru, wani 26 wani 27 wani 28, ni kuma na haura 30. Wanda kuma ba na sabbin shiga ba sai su ce shekara uku ko biyar na gogewa. Kaga na faɗa tsakiya kenan, na girmi ƙofar yara ban kai ƙofar manya ba. Akwai intabiyu ɗin da na je mutumin ya tambaye ni, a ce dila ya karɓi kaya katan ɗari bashi, wata biyu bai biya ba kuma shine mafi girma a yankin, me za ka yi? Na fara kawo masa bayanin littafi, ya saurare ni da mutunci har na gama sannan ya ce ka taɓa karɓo bashi a hannun ɗan kasuwa? Na ce a'a. Daga nan na san an gama. Kai yanzu 26 kake, ƙofar nan a buɗe take gare ka amma ba za ta daɗe ba, jami'a kuwa ko kana da shekara 45 za ta sayar maka da fom.

Maman Hanifa: Ni dai ban yarda a tsorata yaro da karatu ba. Sabi'u abin da ya same ka ƙaddara ce da yajin aiki, ba laifin mastas ba ne. Ni da HND na fito, sai da na yi PGD, wato babbar difloma ta share fagen mastas, shekara guda sannan aka ba ni damar mastas, ina goyo ina zuwa lakca daga nan har Kano a motar haya, kuma wallahi takardar nan ita ta ɗaga ni a wajen aiki. A gwamnati mai digiri mataki na 8 yake farawa mai mastas na 9, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sannan ku maza kuna cewa a bari sai an jima, to an jima ɗin nan aure ne da haihuwa da kuɗin asibiti da na makarantar yara, nawa ne suka ce za su koma suka koma? Ga uba da ransa da lafiyarsa ya ce zai biya, gobe ba ka san me Allah zai yi ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Jamilu POS: Anti ai shi ba gwamnati zai shiga ba, kamfani ya ce.

Maman Hanifa: Yau ya ce kamfani, ka san abin da zai so nan da shekara biyar? Kamfani ranar da ciniki ya faɗi sallamarka za su yi ba ko sisi. Takarda kuwa ba mai ƙwace maka ita.

Auwalu Legas: Salam jama'a, yanzu na taso daga aiki na tarar da zancen. Anti Maman Hanifa ina gaisuwa, maganarki akwai gaskiya a ciki kuma zan dawo kanta. Nazifi ni shekarata tara a kamfanin kayan masarufi, na fara daga bin mota ana sauke katan a Singa da Sabon Gari yanzu ina ofishin da ake tsara talla, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Farko dai ka gane aikin da aka ba ka sels ne ba maketin ba, kar wani ya ruɗe ka. Sels shine ka kai kaya ka karɓo kuɗi. Maketin shine tunanin da ake yi kafin kayan su fito, wa zai saya, nawa zai iya biya, a wane irin ƙunshi, a ina zai gan shi, me za a faɗa masa. Amma duk wanda na gani ya yi ƙarfi a ofishinmu ta sels ya biyo, saboda shi in ana taro aka ce a ƙara naira hamsin a kan leda ya san fuskar mai shagon da zai ce a mayar da kayan. Wanda ya zo da takarda zalla sai ya yi ta zana abu a allo mai kyau amma in aka kai Gujungu ba ya tafiya.

Misali a harkar da za ka shiga. Manomin albasa ko shinkafa a fadamar Haɗeja ba ya sayen sabon iri don ya ji shi a rediyo, sai ya ga gonar wani da ya sani ta yi kyau da idonsa, shi ya sa kamfanonin iri suke yin gonar gwaji a bakin hanya su tara manoma ranar girbi. Kuma ba ya sayen lita guda na magani in rabin kadada gare shi, ƙaramar kwalba yake nema ko a tsiyaya masa. Kuma kuɗinsa ba kullum yake da su ba, da kaka suke zuwa, don haka dila dole ya ba da bashi kai ma dole ka san dilan da za ka ba bashi da wanda in ka ba shi sai kun je gaban mai unguwa. Sannan ga jabun magani da ya ɓata wa manoma rai, in ka zo da naka sai sun ɗauka irin wancan ne. Duk wannan a aji za a ba ka sunansa da Turanci, kaya da farashi da wuri da talla, abu huɗun nan da kuka haddace tun aji ɗaya, amma ba za ka san nauyinsu ba sai ranar da ka yini a rumfa ba ka sayar da kwalba goma ba ka koma kana tunanin me ya faru.

Yanzu maganar Anti. Gaskiya ne akwai inda ake zuwa a tsaya. Ni kaina sai da na kai shekara shida na ga ana tsallake ni ana ɗauko wasu daga waje, na shiga MBA na ƙarshen mako, kuma a lokacin ne karatun ya shige ni don duk abin da malami ya faɗa ina da labarinsa a kaina, har shi malamin yakan ce Auwalu ba mu misali daga kasuwa. Da na yi shi ina 25 da haddacewa kawai zan yi in zuba a jarrabawa.

Nazifi: Yaya Auwalu na gode sosai, wannan bambancin na sels da maketin ban taɓa kallonsa haka ba. Amma tsorona ɗaya, kar in shiga in maƙale a kan babur shekara goma.

Ɗanjuma: Tsoronka yana kan hanya kuma ni ne shaida. Ban cika magana a zauren nan ba amma yau dole in yi. Shekara takwas ina wannan aikin na yawon kasuwanni, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, ga Shuwarin ga Haɗeja, ba kasuwar da ban san mai shayinta ba. Kamfani uku na yi wa aiki. Har yau matsayina ɗaya. Taget ake ɗora maka a farkon wata wanda wanda ya rubuta shi bai taɓa taka yankin ba, in ka cika a ƙara maka wata mai zuwa in ba ka cika ba a yanke kamasho, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin man da suke bayarwa ba ya kai ni rabin wata sai in cika daga aljihuna, dila ya gudu da kaya a ce kai za ka biya. Bayana yanzu ciwo yake saboda babur. Kuma duk manajan da aka kawo mana yaro ne mai takardu. Don haka masu cewa gogewa gogewa, ni ina da ita buhu buhu, ina ta kai ni? Ni da na samu uban da zai sayar da sa ya kai ni mastas wallahi da gudu zan tafi.

Malam Habu: Allah ya kawo mafita Ɗanjuma, ya ba ka lafiya. Wannan ita ce maganar da ya kamata Nazifi ya ji da kunne biyu.

Auwalu Legas: Ɗanjuma Allah ya sa gaba ta fi baya, kuma ba ina musa wahalarka ba ne don na ɗanɗana ta. Amma ka ba ni izini in tambaye ka abu ɗaya tsakani da Allah, a shekara takwas ɗin nan kana da rubutu? Ina nufin littafin da ka rubuta diloli nawa ka tarar a yankin nawa ka bari, kaya nawa ake sha da ka zo nawa ake sha yanzu, bashi nawa ka karɓo?

Ɗanjuma: A kaina dai suke, wasu kuma a waya. Rahoto ta WhatsApp muke turawa kullum da yamma shikenan.

Auwalu Legas: To nan ne gizo yake saƙar, kuma ba kai kaɗai ba ne yawancin yaranmu haka suke. Aikin ka yi shi amma wanda ya karɓi rahotonka ya zuba shi a Excel ya tsaya gaban manya ya yi bayani shi ake gani. Nazifi ka ji wannan da kyau, in za ka karɓi aikin nan to ka shiga da niyyar ɗalibi. Ka sayi littafi mai bango mai kauri tun ranar farko. Ka koyi Excel sosai ba na sama sama ba, ka koyi rubuta rahoto shafi ɗaya da Turanci mai tsabta, ka koyi yadda ake saka talla a Facebook a zaɓi gari da shekarun waɗanda za su gani, waɗannan duk akwai darussansu kyauta a intanet kuma ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 yana koyar da irinsu. Bayan shekara biyu in ka zauna intabiyu ba za ka ce ni mai ƙwazo ne ba, za ka ce na tarar da dila kaza na bar kaza. Ɗanjuma kai ma bai ɓaci ba, ka kira ni gobe da daddare mu zauna mu fito da lissafin nan daga wayarka, abin da ka sani a yankin nan da yawa daga manajojin ba su san rabinsa ba.

Ɗanjuma: In sha Allah zan kira. Na gode Yaya.

Sagiru: Jama'a na karanta wa Baffa Alhaji zancen nan muna zaune a ƙofar gida, ya ce in rubuta muku amsarsa kamar yadda ya faɗa. Ya ce a gaya wa Nazifi, shi shekararsa arba'in da wani abu yana awo da sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Dawanau, bai taɓa zama a aji ba sai makarantar allo, amma shekara bakwai ya yi yana yaron wani kafin a sallame shi da jari, kuma waɗannan shekarun su ne jarinsa na gaskiya ba kuɗin ba. Ya ce kasuwa ana koyonta ne da ƙuruciya lokacin da in an yi maka tsawa za ka shanye, in dila ya bar ka a tsaye awa biyu ba za ka ji girman kai ba, amma mutum in ya tara takardu ya girma sai ya ji ya fi ƙarfin ɗaukar katan. Ya ce Alhassan Ɗantata daga fataucin goro zuwa Gwanja ya fara kafin jirgin ƙasa ya iso Kano harkar gyaɗa ta buɗe, kuma da ta buɗe Turawa shi suka nema saboda shi ya san mutanen ƙauye kuma sun yarda da shi. Sannan ya ce abu na ƙarshe kuma shine mafi muhimmanci a wajensa, kar a sayar da san huɗa. Sa ɗaya ba ya jan garma, in aka sayar to damina mai zuwa haya za su yi ko su jira sai kowa ya gama nasa, gidan gaba ɗaya zai ji a jikinsa.

Maman Hanifa: A gaida Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma Baffa zamanin Ɗantata daban, shi ya rasu tun 1955. Jininsa Aliko Ɗangote ai sai da ya je jami'ar Azhar a Masar ya yi karatu, kuma shi ya gina wa BUK makarantar koyon kasuwanci da take ɗauke da sunansa. Da karatun ba shi da amfani zai zuba kuɗinsa a ciki? Maganar sa kuwa na yarda da Baffa ɗari bisa ɗari, ban san san huɗa ba ne na ɗauka na kiwo ne. Wannan kam a'a.

Sagiru: Baffa ya ce yana amsawa, ya ce shi bai ce karatu ba shi da amfani ba, 'ya'yansa duk ya sa su, cewa ya yi kowane abu da lokacinsa.

Hafsat: Salam, ni ƙaramar ku ce amma ina da ɗan abin da zan ƙara. Yaya Nazifi in har kana da burin karatu a waje, ka duba Chevening na gwamnatin Ingila, mastas ne na shekara ɗaya su biya komai, amma sharaɗinsu sai kana da gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu kuma tambayoyin da ake rubutawa duk akan abin da ka taɓa yi ne da yadda ka jagoranci mutane. Kaga aikin ma zai iya zama hanyar mastas ɗin da ba sai an sayar da komai ba. Ba wai samu ne da sauƙi ba, mutane da yawa suke nema, amma wanda bai yi aiki ba ko fom ɗin ba zai iya cikawa ba.

Jamilu POS: To me zai hana ya haɗa biyun? Ga jami'ar NOUN nan suna da cibiya a Dutse, karatu daga gida, yana aiki yana yi.

Yaya Sabi'u: Taura biyu ba ta taunuwa Jamilu, aƙalla ba a shekarar farko ba. Aikin kasuwannin ƙauye ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, ranar da ma'aikacin ofis yake hutawa ranar Gujungu take ci. Mutum ya dawo da magariba ƙura har cikin kunne ga rahoto zai tura, wane karatu zai shiga? Ya bari ya san hanya tukunna, shekara ta biyu ko ta uku in ya ga da sarari sai ya shiga.

Malam Habu: Ni malami ne kuma abincina a karatun nan yake, amma zan faɗi gaskiya. Ɗaliban mastas da suka fi ba ni wahala su ne waɗanda in na ce kawo matsalar da kake son bincike a kai sai su je su kwafo taken wani su canza sunan gari. Ba laifinsu ba ne, ba su ga komai ba tukunna. Wanda ya yi shekara biyu yana yawo tsakanin Ringim da Haɗeja zai zo min da tambaya mai rai, me ya sa manomi yake yarda da maganar dila fiye da ta malamin gona, ko me ya sa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wasu diloli suka koma tiransifa wasu har yau sai tsaba. Irin wannan kundin ko kamfanin ma zai so ya karanta. Don haka Nazifi tunda ka ce ba aji kake so ba, ni na karkata ga ka karɓi aikin. Amma da sharaɗi, kuma ina so ka rubuta shi a nan kowa ya gani saboda maganar Maman Hanifa gaskiya ce, masu cewa za su dawo da yawa ba sa dawowa. Ka sa wa kanka wa'adi, ka buɗe asusu daban da ba ka da katinsa a aljihu, duk kamashon da ya shigo ka cire wani abu ka jefa, kuɗin makaranta kenan.

Sai maganar mahaifinka, wadda ni a wajena ta fi duk sauran nauyi. Kar ka je masa da cewa mutanen waya sun ce. Dattijon da ya ce zai rabu da sansa saboda kai ba takarda kawai yake nema ba, so yake ya ga ka wuce inda ya tsaya, in ka ce masa a'a kai tsaye zai ji kamar ka mayar masa da kyautarsa ne. Ka samu Kawunka ku je tare bayan sallar isha, ka nuna masa ba fasa karatun ka yi ba ɗaga shi ka yi, kuma so kake ka biya da guminka shanunsa su zauna a turkensu. In ya dage bayan ya ji duk wannan to ka bi maganarsa, albarkar iyaye ba a haɗa ta da albashi.

Maman Hanifa: To in dai da wa'adi a rubuce ni ma na sassauta, amma shekara biyu ba uku ba. Kuma ni zan riƙa tambaya, duk sallah in ka zo gaishe ni sai ka nuna min abin da ke cikin asusun nan.

Ɗanjuma: Abu uku ka tambaye su kafin ka sa hannu a komai, ni ba wanda ya gaya min su. Ɗaya, in dila ya cinye kaya wa zai biya, kuma a rubuta. Biyu, gyaran babur da mai a wuyan wa suke, in babur ɗin ya ɓata ko aka sace fa. Uku, kamashon akan kayan da ka sauke ake lissafawa ko sai kuɗin sun shiga asusunsu, don wannan bambancin shi yake sa mutum ya yi wata uku bai ga ko kwabo ba. Sannan in sun nemi ka ajiye takardunka na asali a wajensu kar ka yarda, kwafi za ka ba su. Kuma ka sayi hular kwano mai kyau, hanyar nan da daddare ba wasa ba ce.

Nazifi: Wallahi ban san da wane baki zan gode muku ba, Allah ya saka wa kowa da alheri ya bar zumunci. Malam na karɓi sharaɗin kuma ga shi ina rubutawa kowa ya shaida, shekara biyu daga ranar da na fara, in Allah ya kai mu da rai da lafiya zan sayi fom. Anti na yarda ki riƙa bincikata. Na kira Kawu yanzu ya ce gobe bayan isha za mu shiga wajen Baba tare, har yanzu gabana faɗuwa yake don ban san yadda zai ɗauka ba, ya riga ya faɗa wa abokansa a masallaci cewa ɗansa zai wuce mastas. Ku sa ni a addu'a. Yaya Ɗanjuma tambayoyin nan uku na kwafe su a takarda, amma dan Allah ko zan iya bin ka kasuwa ko sau ɗaya ne kafin Litinin in ga yadda kake yi da dilolin?

Ɗanjuma: Jibi Lahadi ce ai. Ka same ni a tasha bayan asuba kafin rana ta ɗaga, Gujungu za mu fara, ka taho da littafin naka da biro biyu kuma ka karya tun daga gida don sai la'asar za mu zauna.